Ido Ba Mudu Ba Ne: Yawan Abincin Da Muke Zubawa A Faranti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya shafi duk mai ƙoƙarin rage ƙiba ko tsare lafiyarsa ta hanyar lura da abin da yake ci. A 'yan shekarun nan kalmar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, ta shiga bakin jama'a, har za ka ji mutum yana zayyana maka cewa kofin shinkafa kalori kaza ne, ƙwai ɗaya kalori kaza, amma da za ka tambaye shi kofi nawa ne a farantin da ya cinye ɗazu, sai ya yi shiru. Wannan shirun ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wanda ya haddace lissafin kalori alhali bai san yawan abin da ya zuba ba, tamkar mai sayen yadi ne da ya san kuɗin kowane yadi amma bai taɓa tambayar yadi nawa aka yanka masa ba.

Ni kaina na faɗa wannan rami. Shekara biyu da suka wuce likita ya auna ni, ya ga nauyina ya kai kilo 96, jinina kuma ya fara hawa, sai ya ce in rage ci, in ƙara motsa jiki. Na sayi ɗan littafi na shiga rubuta duk abin da na ci tare da adadin kalorinsa, kuma a iya sanina ban ɓoye ko loma ɗaya ba. Kullum da rana sai in rubuta shinkafa, in sa 200 a gabanta, domin haka na karanta. Wata uku cur ina wannan aiki, sikeli bai motsa ba. Na zargi sikelin, na zargi shekaru, na koma na ɗora wa gado laifi. Wata rana mai ɗakina, wadda ta gaji da ƙorafina, ta bar ni na zuba abincina yadda na saba, amma kafin in kai loma baki sai ta janye farantin, ta ɗauko kofin awo, ta riƙa kwasar shinkafar tana juyewa a wani kwano tana ƙirgawa da ƙarfi don in ji. Da ta gama ta ce, "Malam, ɗari biyun nan taka ta kofi ɗaya ce, ga kofi uku da rabi nan." Ashe abin da nake rubutawa 200 ya kai 700, wato a cin rana kaɗai kalori 500 na shigewa ciki ba tare da sun bi ta littafina ba.

Na ji kunya a ranar, amma daga baya na gane ba ni kaɗai ba ne. A shekarar 1992 wasu masu bincike a birnin New York na Amurka sun buga sakamakon wani nazari da suka yi a kan mutanen da ke cewa suna cin ƙasa da kalori 1,200 a yini amma ƙibarsu ta ƙi sauka. Da aka auna su da na'urori, sai aka tarar jikinsu yana ƙona abinci daidai da na kowa, sai dai abin da suke faɗa sun ci ya gaza abin da suka ci a zahiri da kusan kashi 47 cikin ɗari, motsa jikin da suke faɗa kuma ya zarce wanda suka yi da kusan kashi 51 cikin ɗari. Ban ɗauki waɗannan mutane maƙaryata ba, domin ni ma ban yi ƙarya a littafina ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma gaskiya ne a abubuwa da yawa, sai dai a kan faranti ƙimar da ido ya sani ita ce wadda aka sabar masa. Wanda ya shekara ashirin yana ganin tulin abinci a gabansa, wannan tulin ne idonsa zai kira daidai.

Akwai kuma abin da ido ba zai taɓa gani ba ko da an horar da shi. Kalori ma'auni ne na ƙarfin da abinci ke ba jiki, kuma wanda ake rubutawa a jikin kwalin abinci shi ne zafin da zai ɗaga ɗumin ruwa kilo ɗaya da digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyos. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Wilbur Atwater, ya fitar da lissafin da har yau ake aiki da shi, cewa giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, giram ɗaya na furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama da ƙwai da wake, shi ma 4, amma giram ɗaya na mai ko kitse yana ba da 9. Ruwa kuwa ba shi da ko ɗaya. Saboda haka abinci biyu na iya cika faranti daidai wa daida, ɗaya ya ninka ɗaya sau goma ko ashirin. Giram 100 na kabeji bai wuce kalori 25 ba, na kankana wajen 30, na dafaffiyar shinkafa wajen 130, na gyaɗa kusan 570, na mai kuwa dab da 900. Babban cokali ɗaya na mai, wanda ke ɓacewa cikin miya ba a ko ganinsa, yana ɗauke da kalori kusan 120, ya fi dafaffen ƙwai guda da rabi.

Bayan abin da ya faru da shinkafa sai muka juya kan mai. Na roƙi mai ɗakina ta tsiyaya man da ta saba zubawa a tukunya, amma a cikin kofi, da hannunta yadda ta saba, ba tare da ta rage don ina kallo ba. Muka ɗauki cokali muka ƙirga, ya ba mu goma. Mu biyar ne a gidan, ke nan kowa na da cokali biyu, kalori 240 a miya ɗaya kafin a yi maganar nama ko abin da za a ci da ita. Wannan karon ita ce ta yi shiru. Muka mayar da shi cokali huɗu, kuma in ban da ranar farko da muka riƙa neman bambanci da gangan, babu wanda ya sake tayar da maganar, har yaran.

Abin sha ya fi man girki iya ɓuya, domin shi ciki ma ba ya lissafa shi yadda yake lissafa abin da aka tauna. Gwangwanin lemon zaƙi mai mililita 330 yana da sukari wajen giram 35, kalori kusan 140, gorar rabin lita kuma ta haura 200, wato sukari ƙaramin cokali goma sha uku. Babu mai hankalin da zai zauna ya kamfaci sukari cokali goma sha uku ya zuba a baki, amma a gora sai ya shanye cikin minti biyar, ya kuma ci abincinsa cikakke a kai. Mutum mai nauyin kilo 70 sai ya yi tafiyar sauri ta kusan minti 45 kafin ya ƙona abin da ke cikin gorar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, wanda ga mai cin kalori 2,000 ya kama giram 50, kuma gora ɗaya ta riga ta cinye wannan kaso gaba ɗaya. Shayi ma haka yake, cokali uku a kofi, kofi biyu a yini, kalori kusan 100 ke nan da ba a sa su a lissafi.

Wani zai ce, to me ya kai mutum ga awo da ƙirga, ai cikinsa zai gaya masa in ya ƙoshi. A nan ne nake ganin mafi yawanmu muka fi yaudarar kanmu, kuma a nan binciken masana ya fi ƙarfi. Farfesa Barbara Rolls ta Jami'ar Jihar Pennsylvania da abokan aikinta sun buga wani gwaji a 2002, inda suka riƙa ba maza da mata taliya da cuku sau ɗaya a mako, kowane mako da yawan da aka zuba musu, daga giram 500 har zuwa 1,000. Ranar da aka zuba musu mafi yawa sun ci ƙarin kashi 30 cikin ɗari a kan ranar da aka zuba musu mafi ƙanƙanta, amma da aka tambaye su yadda suka ƙoshi, amsarsu kusan ɗaya ce a ranakun duka. A wani gwajin da suka buga a 2007 sun ƙara yawan duk abin da ake ba mutanen da rabi har tsawon kwana 11, sai aka ga suna cin ƙarin kalori sama da 400 kullum, kuma har kwanakin suka ƙare ba su rage ci da kansu don rama abin da ya ƙaru ba. Ma'anar wannan ita ce ƙoshi yana da faɗi, mutum na iya tsayawa a farkonsa ko a ƙarshensa ya ce alhamdulillahi, kuma abin da ke zaɓa masa wurin tsayawa shi ne ganin gindin faranti. Ludayi ya riga ya yanke hukunci tun kafin a kai loma ta farko.

Masu sayar da abinci sun san da haka tun kafin masana su rubuta. Kwalbar Coca-Cola da aka sani a Amurka har tsakiyar shekarun 1950 ba ta kai mililita 200 ba, yau kuwa gorar rabin lita ce abin da mutum ɗaya ke riƙewa a hannu. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sake tsarin rubutun da ke jikin kayan abinci, ta ƙara girman abin da ake kira cin mutum ɗaya a wasu kaya, kamar lemon zaƙi da askirim, saboda abin da mutane ke ci a zahiri ya riga ya zarce tsohon ma'aunin. Wannan ya kamata mai karanta kwali ya lura da shi, domin adadin kalorin da aka rubuta sau da yawa na kaso ɗaya ne, alhali fakitin na ɗauke da kaso uku ko huɗu, kuma wanda ya buɗe shi a gaban talabijin da wuya ya tsaya sai ya ga ƙarshensa.

Abin da ya yi mini aiki ba shi da wahala, sai dai yana son haƙuri na ɗan lokaci. Na yi mako biyu ina auna duk abin da zan ci da kofi da cokali da ƙaramin sikelin kicin, ba don in dawwama a haka ba, sai don in sake wa idona ƙima. A nan ne na koyi wani abu da ke rikita mutane da yawa, wato bambancin ɗanye da dafaffe. Giram 100 na ɗanyar shinkafa ya kai kalori 360, amma in ta dahu ta sha ruwa, giram 100 ɗinta wajen 130 ne, don haka wanda ya auna ɗanya ya duba lissafin dafaffiya ya yi kuskuren da ya kusa ninki uku. Bayan mako biyun na san ludayin gidanmu biyu ne ke cika kofi, na san inda kofi ɗaya da rabi ke tsayawa a farantina, sai na mayar da sikelin kan kanta. Nakan ɗauko shi sau ɗaya a wata in gwada kaina, domin hannu yana da halin komawa gidan jiya a hankali ba tare da mai shi ya sani ba. Wanda ba shi da sikeli ko yake cin abinci a waje yana iya aiki da hannunsa, dunƙulen hannu ga shinkafa ko taliya ko dankali, tafin hannu ban da yatsu ga nama ko kifi, babban yatsa ga mai, tafi biyu a haɗe ga ganye. Awo ne na kusa-kusa, amma yana da kyau guda, cewa hannun babban mutum ya fi na ƙarami girma kamar yadda buƙatarsa ta fi.

Na kuma daina ajiye tukunya ko kular abinci a inda nake ci. Ina zubawa sau ɗaya a kicin, in rufe, in tafi da farantina. In na gama na ji ina son ƙari, sai in dakata kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin, domin saƙon ƙoshi da hanji ke aika wa ƙwaƙwalwa ba nan take yake isa ba, kuma sau da yawa kafin lokacin ya cika na manta da maganar ƙarin. Game da shawarar nan da ta yi suna ta a koma ƙaramin faranti, ina da ja. Gaskiya ne abinci ya fi cika ido a ƙaramin faranti, amma gwaje-gwajen da aka yi a kai ba su yi ittifaƙi ba, har ita Farfesa Rolls ta gwada faranti masu girma daban-daban ba ta ga wani bambanci a yawan abin da aka ci ba. Dalilin a fili yake, mai ƙaramin faranti da tukunya a gefensa sau biyu zai zuba.

Sai dai akwai kuskuren da na fi jin tsoro ga mai karanta wannan wasiƙa, shi ne ya tashi gobe ya raba komai biyu, ya zauna gaban faranti mai ban tausayi. Na gwada haka, na yi kwana huɗu, a dare na biyar na tsinci kaina a tsaye a kicin da burodi a hannu. Yunwa ba a yi mata dabara da ƙarfin hali, kuma ciki yana jin nauyi da cikar abin da ya shiga cikinsa fiye da yadda yake jin kalori. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce faranti ya ci gaba da cika, amma a sauya abin da ya cika shi. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta Amurka tana koyar da wani tsari mai sauƙi, a ɗauki faranti mai faɗin inci 9, a cika rabinsa da ganye da kayan lambu marasa sitaci, kashi ɗaya cikin huɗu nama ko kifi ko ƙwai, sauran kashi ɗaya cikin huɗun kuma shi ne na shinkafa ko taliya ko makamantansu. Da na bi wannan, nauyin abin da nake ci a sikeli bai ragu sosai ba, kalorin ne ya faɗi. Furotin yana riƙe ciki, wake ma haka, abin da ake taunawa kuma yana tilasta wa mutum ya ci a hankali. A 2019 Dakta Kevin Hall na Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka ya ajiye mutum 20 na tsawon wata guda, mako biyu a kan abincin masana'anta da aka sarrafa ƙwarai, mako biyu a kan abincin da ba a sarrafa ba, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun fi saurin ci, sun ci ƙarin kalori wajen 500 kullum, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya, a sauran makonnin kuma suka sauke kusan kilo ɗaya.

Ya kamata kuma a faɗa wa mutane gaskiya game da lambobin nan, don kada su mayar da su abin da ba su ba ne. Kalori 2,000 ga mace da 2,500 ga namiji da ake yawan ambata matsakaici ne kawai, mai aikin ƙarfi ya fi haka buƙata, tsohon da ke zaune kuma bai kai ba. Ana ƙiyasta kilo ɗaya na kitsen jiki da kalori wajen 7,700, saboda haka wanda ya rage 500 a yini zai iya sauke kusan rabin kilo a mako a farkon tafiya, amma daga baya saukar takan yi sanyi, domin jikin da ya ragu ba ya ƙona abin da yake ƙonawa a da. Wannan ba alamar gazawa ba ce. Ni a wata goma sha huɗu na sauke kilo 11, kuma akwai watanni biyu a tsakiya da sikeli ya tsaya cik kamar an dasa shi.

Wannan magana ba ta kowa da kowa ba ce. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan maganin da ke sauke sukari, in ya rage abinci bai gaya wa likitansa ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Mai juna biyu da mai shayarwa da yaro mai tasowa ba a sa musu irin wannan awo sai da umarnin ma'aikacin lafiya. Wanda kuma ya ga ƙirgar ta zame masa damuwa, yana tsoron abinci ko yana jin laifi bayan kowace loma, ya ajiye littafin ya nemi likita, domin wannan ma ciwo ne mai zaman kansa. Ban kuma manta cewa akwai ɗimbin mutanen da damuwarsu ita ce samun abin zubawa a farantin ba, amma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ƙiba mai yawa, kuma matsalolin biyu sukan haɗu a gida ɗaya.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne duk lokacin da shafin lafiya na wannan jarida zai buga adadin kalorin wani abinci, a rubuta yawan abincin a gefensa da ma'aunin da kowane gida ke da shi, kofi ko cokali ko ludayi, a kuma bayyana ɗanye ake nufi ko dafaffe, da mai ko babu mai. In da hali, a sa hoton faranti na gaske da kofi ɗaya na shinkafa a kansa, kusa da wani mai kofi uku, domin mai karatu ya duba ya gane wanne ne nasa. Da na ga irin wannan hoton shekara biyu da suka wuce, da ban ɓata wata uku ina rubuta 200 a littafi ba.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku